Ranar da Na Ga Kaina a Bango

Shekara uku na yi ina kula da tsohuwar kafin maganar tafiyar ta taso. Kullum da safe nakan fito daga gidanmu a University Heights, cikin Bronx ta New York, in hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu, in sauka a Manhattan, in taka zuwa benen da take zaune ita kaɗai a hawa na tara. Ni ke yi mata wanka, in shafa mata mai, in ba ta magani, in dafa abin da cikinta zai iya ɗauka. Ta haura tamanin, ƙafafu sun ƙi, amma kanta da bakinta garau suke. Mama nake ce mata, kamar yadda zan kira kowace tsohuwa a Damagaram, ita ma ba ta taɓa hana ni ba.

A Wales aka haife ta, wani yanki na Birtaniya, a wata gona kusa da ƙaramin gari mai kasuwar tumaki. Tun tana budurwa ta baro can. Ɗanta ɗaya ne, sana'arsa ɗaukar hoto. Mutum ne mai fara'a da yawa, irin wanda zai tambaye ka lafiyar iyali, kafin ka amsa ya riga ya juya. Yakan zo ranar Lahadi, wani lokaci da Laraba, kullum da kyamara a wuya. Na saba da ƙararta har na daina ji. A ganina uwarsa yake ɗauka, mutum da uwarsa kuwa ina ruwana.

Wata rana ya zo yana murna, ya ce za a nuna hotunansa a garinsu Mama, a wani gidan da ake baje hotuna da zane-zane mutane su zo kallo. Yana so ta je ta gani da idonta, ta kuma sake ganin ƙasarsu. Likita ya yarda, amma ya ce sai da mai kula da ita.

Na faɗa wa maigidana da ya dawo daga Canal Street, inda yake sayar da jakunkuna da tabarau. Ya ce, "Ki je mana, Hajiya. Mako ɗaya ne. Ki ga wata duniyar, mu da muke nan kullum titi ɗaya muke gani."

Na ɗinka sabuwar shadda mai ruwan toka saboda ranar buɗe nunin hotunan. Har yau idan na tuna da kaina na zaɓi yadin, na tsaya a kan tela ya gyara wuyan, sai in ji raina ya sake ɓaci.

Jirgin sama, jirgin ƙasa, sannan mota. Muka isa garin a gajiye. Ɗan ƙaramin gari ne, titi ɗaya babba, da agogo a kan hasumiya a tsakiyar kasuwa, shaguna a manne da juna. Muka sauka a wani masauki na wata mata mai kirki da ta tambaye ni abin da ba na ci, ta rubuta a takarda ta manna a kicin.

Ranar buɗewar, bayan karin kumallo, ɗan ya ce gidan hotunan yana bayan gari kaɗan, kuma akwai hanya ta cikin gonaki da ke bi kusa da gidan da aka haifi Mama. Ya ce minti ashirin ne, ƙasa a shimfiɗe. Na leƙa taga na ga sama ta yi nauyi, ga shi an kwana ana ruwa. Na ce a kira tasi.

"Mama tana so ta ga hanyar," in ji shi.

Mama ta dube ni da irin idon nan nata. Sai na sa mata rigar sanyi biyu, na ɗora ta a kekenta na marasa lafiya, na lulluɓe mata ƙafafu da bargo, na tura muka fita.

Da farko hanyar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Shingen ganye ne dama da hagu, ya fi ni tsawo, yana ɗigar da ruwa. Da muka fito fili sai ga tuddai kore shar har iya ganinka, ga tumaki birjik, kowace da ɗigon shuɗin fenti a baya don mai ita ya gane ta. Ban taɓa ganin tumaki masu gashi haka ba. Na ce wa Mama waɗannan idan za a yi layya da su sai an kira wanzami tukuna kafin mahauci. Da na yi mata bayani ta yi dariya har da tari. Ta fara kiran sunayen gonakin da yarensu, yaren da ban taɓa jin ta yi ba a New York. Ta nuna mini wani gidan dutse can a gindin tudu, ta ce ta wancan tagar take leƙen babanta idan ya dawo kiwo. Na tsayar da keken, na bar ta ta kalla iya son ranta.

Daga nan kwalta ta ƙare, taɓo ya fara. Ƙafafun keken suna nutsewa, ina turawa da ƙirji, ina ja da baya, ina sake turawa. Takalmina ya cika da ruwa. Gefen shaddata ya koma baƙi. Shi kuwa yana can gaba, wani lokaci a durƙushe yana ɗaukar tunkiya, wani lokaci a tsaye yana ɗaukar gajimare, yana juyowa yana ce mana, "Kun ga hasken nan kuwa?"

Sai muka iso wata ƙofar katako, irin wadda ake yi don kada dabbobi su fita. Mutum ɗaya take ɗauka, sai ya shiga ya juya ta sannan ya fita. Keke ba zai taɓa wucewa ba. Ya tsaya yana sosa kai, ya ce ya manta da ita.

Komawa ya fi nisa. Na durƙusa a gaban keken na ce, "Mama, riƙe wuyana." Na goya ta kamar jaririya, na shiga ƙofar a karkace ina lallaɓawa kada gwiwarta ta bugu. Ina fitowa na ɗaga kai, sai na ga kyamara a saitin fuskata.

Na ce, "Ajiye abin nan ka ɗago keken."

"Daƙiƙa ɗaya, wannan ya yi kyau sosai."

"Uwarka ce a bayana, ba buhun gero ba. Ɗago keken!"

Ya ɗago. Bai ji haushi ba, dariya ma ya yi, wai ina da zafi yau. Minti ashirin ɗinsa ya zama fiye da awa ɗaya, muka isa ina haki, bayana yana ciwo, ƙafafuna sun daskare.

Gidan hotunan tsohon wurin sarrafa ulu ne a bakin rafi, an shafe cikinsa da farin fenti. Mutane sun cika, kowa da kofin giya a hannu. Na tsaya a bakin ƙofa ina goge ƙafafun keken da tsumma don kada mu ɓata musu ƙasa. Sai ga mai wurin, wata mata mai gajeren gashi da furfura. Ta gaisa da Mama, ta juyo gare ni, ta buɗe baki.

"Ke ce! Lallai ke ce. Kowa yana ta tambaya a kanki."

Ban gane ba. Na yi murmushi irin na baƙo, na tura keken muka shiga.

Hotunan farko na Mama ne. Mama a taga, Mama da kofin shayi, hannun Mama a kan bargo. Sun yi kyau. Sai na ga wani na ƙafafunta, da hannaye biyu baƙaƙe suna shafa musu man kaɗe. Na gane zobena. Na ce hannu ne, ba komai. Na gaba da shi ni ce ta baya, ina sallah a lungun falo. Nan na tsaya. Ban san lokacin da ya ɗauka ba. Na ji mutane suna matsawa suna ba ni hanya, suna kallona suna murmushi, kamar akwai abin da suke jira in gani.

Yana can a bangon ƙarshe, shi kaɗai, ya fi duk sauran girma. Ni ce a kan kujerar da ke gefen gadon Mama, ina barci. Kaina a buɗe. Kitsona ya tsufa ya tuje, furfurar gabana duk a waje. Bakina a buɗe. Wuyan rigata ya zame, kafaɗata a fili har da igiyar rigar ciki. Ɗankwalina yana kan cinyata.

Na tuna ranar sarai. Lokacin zafi ne, na'urar sanyaya ɗakin ta lalace, Mama ta yi kwana biyu da zazzaɓi ban samu zama ba. Bayan azahar zazzaɓin ya sauka, ta yi barci. Mu biyu ne a gidan, mata, ƙofa a kulle. Na cire ɗankwali don in sha iska, na zauna, barci ya sace ni. Shi yana da makulli. Wato ya buɗe ya shigo, ya same ni a haka, ya tsaya ya gyara tsayuwa, ya nemi haskensa, ya ɗauka, ya fita a hankali don kada in farka. Washegari ya zo ya gaishe ni yana tambayar lafiyar iyali.

Tun da na yi aure babu namijin da ya ga kaina a buɗe in ba mijina ba. Ga ni yau a gaban maza fiye da yadda zan iya ƙirgawa, suna kurɓar giya suna karkata kai suna nazarina. A ƙasan hoton an rubuta kalma ɗaya da Turanci, ma'anarta sadaukarwa. A gefenta an manna ɗan jan ɗigo. Na tambayi wani dattijo da ke kusa da ni mene ne jan ɗigon. Ya ce alama ce an saya.

Ɗan ya zo ta bayana, fuskarsa cike da haske. "Na so ya zama ba-zata. Kin gani? Shi ne zuciyar duk aikin."

Na ce, "Wa ya ba ka izini?"

"Girmamawa ce. Ina so duniya ta ga abin da kike yi wa mahaifiyata."

"Wa ya ba ka izini?"

"Idan na tambaye ki ai ba zai fito haka ba. Za ki gyara, za ki..."

"Zan rufe kaina. Shi ya sa ba ka tambaya ba. Ka san amsar."

Muryata ta tashi. Turancina ya ƙare a hanya, Faransanci ya shigo, shi ma ya ƙare, na koma Hausa. Na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba a ƙasar Turawa, kuma ko da bai ji ko kalma ɗaya ba, ya ja da baya. Ɗakin ya yi tsit, ana jin rafin da ke waje.

Na fizge bargon da ke kan ƙafafun Mama. Ni da ba na barin iska ta taɓa ƙafafun nan, ranar ban ko duba ba. Na jawo wata kujera, na hau da takalmina mai taɓo, na rataya bargon a saman hoton ya sauko ya rufe fuskar da kafaɗar. Wani ya ce a yi hankali da gilashin. Na juyo na dube shi, bai ƙara ba.

Ina saukowa Mama ta kamo gefen rigata. "Kada ki yi fushi da shi. Ya nuna mini tun watanni. Ni na ce masa ya yi kyau."

Wannan ya fi hoton ciwo. Na durƙusa daidai fuskarta don kada kowa ya ji, ko da yake na san suna ji.

"Mama, kin gani? Kin gani, kuma kullum ina zuwa ina wanke ki, ba ki ce mini komai ba?"

"Na ɗauka za ki ji daɗi. Kin yi kyau a ciki, kamar 'yata."

"Shekara uku ina yi miki wanka. Ko mu biyu ne a banɗaki, sai na rufa miki tawul a inda ba na wankewa. Idan ɗanki ya shigo ina canza miki kaya, da ƙafa nake tura ƙofar. Ranar da kika ɓata gado, wa ya sani? Ko shi bai sani ba. Ni na rufa miki asiri, ku kuka rataye ni a bango."

Ta saki gefen rigata. Da wata rana ce da na rungume ta, amma ranar na miƙe na bar ta.

Mai wurin ta zo tana ba da haƙuri, ta ce ita an faɗa mata na yarda. Na dubi ɗan, ya sunkuyar da kai. Ta kira wasu ma'aikatanta biyu suka sauke hoton da bargon a jikinsa, suka shiga da shi ciki, suka dawo suka sauke na sallar. Ta ce za ta yi magana da wanda ya saya, ba za a ba shi ba. Sai na hango tebur a bakin ƙofa, an jera ƙananan littattafai na nunin, ni ce a bangon kowane. Na je na kwashe su duka, na zuba a kwandon da ke ƙarƙashin keken Mama. Waɗanda ke hannun mutane na bi su ɗaya bayan ɗaya ina miƙa hannu. Yawancinsu sun ba ni. Wata mata ta tura nata cikin jaka ta juya baya. Wasu kuma sun riga sun tafi da nasu tun kafin mu iso, muna can muna fama da taɓo.

Na ce wa mai wurin ta kira mana tasi. Ɗan ya ce zai raka mu. Na ce ya zauna da baƙinsa.

Sauran kwana ukun na yi aikina cif. Wanka, mai, magani, abinci. Abin da ba aiki ba kuwa ban yi ba. Ba hira, ba dariya. Da aka zo zagaya garin a mota na zauna a baya ina kallon hannuna. Mai masaukin ta wanke mini shaddar sau biyu, taɓon bai fita duka ba.

Da muka dawo Bronx na ba maigidana labari, na ajiye masa littafin guda ɗaya a gabansa. Ya daɗe yana kallo, jijiyar goshinsa ta tashi. Ya ce su a Canal kullum masu yawon buɗe ido suna ɗaga musu waya su ɗauke su hoto, har ya saba da juya fuska, amma shi a titi yake, ni a cikin ɗaki nake. Ya ce in ba shi lambar mutumin. Sai kuma ya ƙara da abin da bai kamata ba.

"Amma ke ma, Hajiya, me ya kai ki cire ɗankwali a gidan mutane?"

Na ce, "Malam, maimaita."

Ya kawar da kai, na ci gaba.

"Kwana biyu ban runtsa ba, ina jinyar matar da ba uwata ba, a cikin zafi, ƙofa a kulle. Wani ya sa makulli ya shigo ya tsaya a kaina. A duk labarin nan ɗankwalina ka gani?"

Ya ce ba haka yake nufi ba. Na ce haka ya faɗa. Kwana biyu abincinsa kawai nake ajiye masa. A na uku ya ce, "Na yi kuskure, ki yafe mini," ba tare da kwana-kwana ba, na yafe. Lambar kuwa ban ba shi ba. Na ce maganata ce, ni zan ƙarasa ta.

Ranar Lahadi na je gidan Mama kamar kullum. Na tarar da ɗan. Na ce ya ɗauko kwamfutarsa ya zauna a teburin cin abinci, ya buɗe duk inda nake. Ashe ba uku ba ne. Ni ina wanke kwanoni, ni ina cin abinci a tsaye, ni ina waya ina dariya, ni ina share hawaye ranar da aka yi mini rasuwa a gida. Har da na ƙofar katako, Mama a bayana, ashe ya riga ya danna kafin in yi magana.

Ya ce aikin shekara biyu ne. Ya ce mafi kyawun abin da ya taɓa yi ke nan. Idonsa ya kawo ruwa. Na ce ya goge. Ya roƙi a bar na hannaye kawai, tunda babu fuska. Na yi tunani na ce wannan ya tambayi mai ƙafafun, ni dai ya cire shi daga ko'ina da aka ambaci mai kula da ita. Sauran na tsaya a kansa yana gogewa ɗaya bayan ɗaya, Mama tana ɗaki ƙofa a buɗe tana jin mu. Ko yana da wasu a wani wurin, Allah ne masani. Ya ce babu. Shi ne dai ya ce wa mai gidan hotunan na yarda.

Na nemi kamfanin da ke tura mu aiki su canza mini gida. Suka tambayi dalili, na faɗa musu. Suka ce za su rubuta. Sai da aka yi wata guda kafin a samu wadda za ta karɓe ni, wata Bahaushiya 'yar Zango daga Kumasi ta Ghana da ke zaune a Morris Heights. Ranar ƙarshe na nuna mata komai, inda magunguna suke, yadda ake ɗaga Mama ta gefen hagu saboda ƙugunta, irin ɗumin ruwan da take so. Da muka zo bakin ƙofa na nuna mata sarƙar da ake maƙala wa ƙofar ta ciki, na ce da Hausa, "'Yar'uwa, idan kin shigo ki sa wannan. Makulli kaɗai ba ya isa a gidan nan."

Mama ta ce, "Me kika ce mata?"

Na fassara mata, ban rage komai ba.

Sai ta ce wa sabuwar, "Ki yi yadda ta ce." Ta juyo gare ni. "Za ki riƙa zuwa gaishe ni?"

Na ce, "Ban sani ba, Mama."

Na gyara mata matashin bayanta, na duba ƙwayar maganinta ta ƙarfe huɗu tana cikin kofinta, na ɗauki jakata. Sau ɗaya na koma, bayan wata biyar, da ta kwanta asibiti. Na tarar ƙafafunta sun bushe, na shafa musu mai, muka yi maganar tumakin nan masu shuɗin fenti. Da na ji muryar ɗanta a baranda yana gaisawa da nas, na ɗaure bakin robar man, na fita ta ɗaya ƙofar.